Magaji Mai Gem da Muttakansa

Duk wanda ya girma a Gummi ya san zauren Magaji Mai Gem, can bayan tasha, kusa da inda mata ke shanyar shinkafa. Yanzu gyaran fanka da rediyo da tocila yake yi a ciki, ruwa na sauka kuma ya gangara fadama, amma sunan gem ya manne masa, har jikokin sa'o'insa da shi suke kiransa. Dogo ne siriri, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ka kuskura ka taɓa masa ƙusa ɗaya a kan tebur, zai yi maka faɗa har jijiyar wuyansa ta miƙe, kafin ka kai ƙofa kuma ya kira ka ya ɓara maka goro.

A kusurwar zauren akwai wani akwatin katako, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, an lulluɓe shi da tsohon zanen Tasalla, matar Magaji. To, shi ne gem ɗin. In aka yaye zanen za ka ga gilashi irin na tsohuwar talabijin, a ƙasansa mariƙi biyu masu dunƙulen kai kamar giyar mota, kowanne da maɓallansa a gefe, sai benci na mutum biyu a gaba. In aka tayar da ɗan janareto aka kunna, 'yan dambe biyu ne ke fitowa a gilashin, kowane mai wasa da wanda yake juyawa, su yi ta naushi da shuri. Kowa yana da layin jininsa a sama. Wanda jininsa ya riga ƙarewa, an ci shi ke nan.

A Sakkwato Magaji ya gamu da wannan abu, yana saurayi, lokacin da ya je koyon gyaran rediyo. Wani Ibo ne ya kafa irin waɗannan akwatuna a bakin tasha. Kai, Magaji ya sha barin cikinsa da yunwa saboda akwatin nan, ya sha ranƙwashi a wurin maigidansa saboda makara. Da Ibon ya tashi komawa gida, Magaji ya karɓi ɗaya, ya ɗora shi a kan motar gishiri, ya hau sama ya rungume shi tun daga Sakkwato har Gummi don kada gargada ta fasa gilashin. Ranar da ya fara kunna shi, har dattawa sai da suka leƙo, suna tsaki suna kallo, ba kuma wanda ya tafi.

In kana so ka ga Magaji ya manta da fankar da ke hannunsa, tambaye shi wancan zamani. Zai ba ka labarin yadda samari ke cika zauren har waje, hayaƙin janareto na shiga ido ba mai kulawa, ihu na tashi har masu lodin tasha su zo su ga ko faɗa ake yi. Zai gaya maka sunayen da suka raɗa wa 'yan damben: Mai Sarƙa, da Siririya, da Tsoho Mai Gora wanda kowa ke gudu don nawarsa, shi kuwa Magaji da shi yake share kowa. Dokokin gidan biyu ne kacal, kuma har yau da ƙarfi yake faɗar su. Ta farko: “Wanda anka ci, shi ka tashi.” Ba magiya, ba hannuna ne ya zame, ka ɗaga ka ba na baya wuri. Ta biyu ita ce wadda ya fi zafi a kanta: ba a bar wa mutum ci. Ya taɓa korar wani yaro daga zauren don ya gane da gangan ya saki hannu yayansa ya ci shi. “Bar ma mutum ci don tausai zagi na,” in ji Magaji. “In ka girmama shi, buge shi da gaske.”

Sai waya ta zo, gidajen kallon ƙwallo suka zo, samari suka watse ɗaya bayan ɗaya. Magaji ya lulluɓe akwatinsa ya koma ga rediyo. Shi da Tasalla Allah bai ba su haihuwa ba, gidan ya yi tsit ciki da waje.

Ana nan sai shekarar gubar dalma ta zo. Tasalla tana da ƙanwa, Hafiza, da ke aure a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, inda a lokacin ake kawo dutsen zinari har tsakar gida ana daka shi a turmi ana niƙawa, yara na wasa cikin ƙurar. Mijin Hafiza rami ya rufta da shi tun kafin nan. 'Ya'yanta ƙanana biyu suka tafi a damina ɗaya, ita ma ba ta daɗe ba ta bi su. Saura ɗaya, Muttaka, ɗan shekara huɗu zuwa biyar, wanda likitoci suka yi ta fama da shi a Bukkuyum har ya tsira. Ya tsira dai, amma ya daina magana, hannunsa na dama kuma ya naɗe, ko kofi ba ya iya riƙewa.

Da aka yi zaman makoki, Magaji da Tasalla suna wurin, aka zo maganar wanda zai riƙi yaron. Bisa al'ada dangin uba ke da shi, babbansu kuwa shi ne Lauwali, yayan marigayin. Lauwali ya dubi yaron da ke rakuɓe jikin Tasalla, ya kawar da kai.

“Ni ba ni iyawa da wanga,” ya ce. “Ku tahi da shi. Na ba ku shi halak malak.”

A gaban mutane ya faɗi haka, ba a ɓoye ba. Magaji ya saɓa yaron a kafaɗa ya nufi inda ake hawa mashin.

Watannin farko Muttaka ba ya kallon kowa. Tasalla ta yi rubutu, ta yi tofi, ta yi kuka. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Magaji ya yaye zanen akwatin don ya ga ko ɓeraye sun cinye wayoyin, ya kunna. Yana waiwayowa sai ya ga yaron tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ido buɗe, baki buɗe. Ya ɗauko shi ya zaunar a benci, ya buɗe naɗaɗɗen hannun nan a hankali ya ɗora shi a kan mariƙi, ya ɗora nasa a sama. Daga ranar, kowace Juma'a in an sauko, zauren Magaji a rufe yake ga masu kawo gyara.

Kada ka zaci ya tausaya masa a wasan. Ina! Da hannun ya fara kama mariƙi shi kaɗai, Magaji ya koma nasa gefen ya ɗauki Tsoho Mai Gora ya yi ta jibgar yaron ba sassauci. Doka kuma doka ce: wanda aka ci ya tashi. Da yake babu kowa a layi, sai Muttaka ya sauka daga benci, ya zagaya ta baya, ya dawo ya sake hawa. Haka suka mayar da abin. Tasalla ta leƙo wata rana ta ga yaron yana zagaye benci hawaye shaɓe-shaɓe.

“Haba Malam, ka bar mai ko sau guda mana! Wane irin rashin imani na wanga?”

“Koma ciki, Tasalla. Ran da duk ya ci ni, shi san shi ya ci.”

A wannan bencin ne Muttaka ya fara magana. An ci shi, ya zagayo, Magaji ya miƙa hannu zai kashe janareto, sai ya ji wata 'yar murya a shaƙe ta ce, “Baba, ƙara.” Magaji ya tsaya cak. Bai juyo ba, don kada yaron ya ga fuskarsa. Ya ƙara masa har mai ya ƙare.

Ranar da Muttaka ya fara cin sa kuwa, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, Gummi ta ji labari. Magaji ya miƙe da tsayinsa, ya zagaye bencin nan yana tafa hannu, ya fita ba ko takalmi ya shiga tasha yana shaida wa direbobi da masu shayi cewa ɗansa ya kayar da shi. Ya dawo da soyayyen kifi cike da takarda. Ba wanda ya taɓa jin ya ce ɗan riƙo, ɗana kawai yake cewa. Bai ɓoye wa yaron sunan mahaifinsa ba, da shi ya sa shi makaranta, kamar yadda addini ya ce. Amma zazzaɓin Muttaka a kafaɗar Magaji yake ƙarewa, kaciyarsa shi ya riƙe shi, saukar karatunsa shi ya yanka akuya. Lauwali kuwa, a duk tsawon shekarun nan, ko sabulu bai taɓa aikowa ba.

Muttaka ya girma ya zama mai gyaran waya, da 'yar rumfarsa a kasuwa. Hannun nan da ya naɗe shi ne yanzu ke kwance wayoyin mutane da ƙusoshin da Magaji ko ganinsu ba ya yi. Idon Magaji ya fara rauni, yatsunsa sun yi nauyi, a 'yan shekarun nan da wuya ya ci Muttaka. Shi ne mai zagaye benci yanzu, yana mita yana zagin Tsoho Mai Gora, a ransa kuwa daɗi fal.

Da Muttaka ya ga Mardiyya, 'yar Malam Halilu mai sayar da shinkafa, Magaji ne ya tara abokansa suka je gaisuwa, shi ya kai kayan na-gani-ina-so. Ana cikin shirye-shirye sai ga Lauwali a mota, yanzu Alhaji ne, zinari ya karɓe shi, ya yi gida a Anka. Ya rungume Muttaka yana cewa kamarsu ɗaya da marigayi, ya kawo sabon mashin, ya kawo akwatunan lefe. Magaji bai ji komai a ransa ba, wallahi bai ji ba. Ya sa Tasalla ta yanka masa kaza. “Jininshi na,” ya ce mata. “Shi yi, Allah shi ba shi lada.”

Abu ɗaya Magaji yake jira, kuma duk unguwa ta san nasa ne. A wurin ɗaurin aure, ango ba ya magana da bakinsa, wakili ne ke nema masa auren ya karɓa masa. A nan ƙasar, in yaro a hannun wani ya tashi, wanda ya riƙe shi ake bai wa wannan wakilci, ita ce godiyar da ake yi masa a gaban jama'a. Magaji bai taɓa karɓa wa kowa aure ba. Ya ɗinka farar shadda, ya kai hularsa wanki. Da hantsi sai ya tsaya a tsakar gida yana gwadawa, Tasalla na tankaɗe tana dariya, shi kuwa yana cewa: “Ina nema ma ɗana Muttaka auren ɗiyarku Mardiyya.” Ya faɗa da ƙarfi, ya faɗa a hankali, ya tambaye ta wanne ya fi.

Juma'ar da za a ɗaura auren washegari, Muttaka ya zo zaure kamar kullum. Suka zauna. Magaji ya ci shi. Muttaka ya tashi ya zagayo, ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya zauna. Magaji ya sake cin sa, ya kuma sake. Rabon da ya yi irin wannan ci har ya manta. Ya rinƙa dukan cinya yana ƙyalƙyala dariya.

“Kai ango! Aure ya kashe maka hannu tun ba a ɗaura ba?”

Muttaka ya yi murmushi, kansa a ƙasa. “Baba…” ya ce.

“Mi na na?”

“Ba komi. Mu ƙara.”

Da yamma Magaji ya shiga tasha yana bugun ƙirji, wai tsohon hannu ya dawo.

Washegari da safe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Halilu. Magaji ya zo da wuri cikin farar shaddarsa, ya zauna a gaba daf da liman, a gaban kwandon goro, inda wakilin ango ke zama. Jama'a suka cika. Liman ya yi addu'a, ya tambayi waliyyin amarya, ƙanen Malam Halilu ya amsa. Ya ce ina wakilin ango. Magaji ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

“Ga ni nan,” in ji wata murya a bayansa.

Alhaji Lauwali ne, yana ratso mutane yana tattare babbar riga. Magaji ya zaci kuskure ne, har ya ɗaga hannu zai yi bayani. Sai ƙanen Malam Halilu ya sunkuyo ya ce masa a hankali, amma ba a hankalin da na kusa ba za su ji ba, “Malam Magaji, ɗan tashi ka ba Alhaji wuri. Ai an gama wagga magana, yaron ya sani.”

Magaji ya ɗaga kai yana neman Muttaka. Ya hango shi can baya cikin abokansa, jikin bango. Da idonsu ya haɗu, Muttaka ya sunkuyar da kai. Shi ke nan, Magaji bai buƙaci a ƙara masa bayani ba. Kowa na jiran faɗan Magaji Mai Gem, mutumin da ke tayar da jijiyar wuya a kan ƙusa. Bai yi ba. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya koma ƙarshen tabarma ya tsuguna. Daga nan ya ji Lauwali yana cewa yana nema wa ɗansa Muttaka aure. Ɗansa! Yaron da ya ce ba ya iyawa da shi, ya bayar halak malak a gaban shaidu. Aka shafa fatiha, maroƙi ya hau kirarin Alhaji, aka miƙo wa Magaji goro kamar kowane baƙo.

A gida ya tarar da Tasalla cikin mata, ya kira ta gefe. Tana ganin fuskarsa ta dafe ƙirji.

“Muttaka bai hwaɗa maka ba? Innalillahi! Ya rantse mani da bakinshi za shi hwaɗa maka jiya.”

Ta ba shi labari tana kuka. Dangin Mardiyya ne suka fara ƙananan maganganu, wai a nuna musu dangin uban yaro. Lauwali kuma ya ce in ba shi ne wakili ba, ba shi ba zuwa. Muttaka ya amince tun makonni da suka wuce. Ya roƙe ta kada ta faɗa, shi zai faɗa, a zaure, ranar Juma'a.

Magaji ya shiga zaure ya zauna a benci da shaddarsa. Sai wasan jiya ya dawo masa filla-filla. Ya tuna yadda Mai Sarƙa, ɗan damben da Muttaka ya ɗauka, ya rinƙa sauke kariya daidai lokacin da gora ke sauka, yadda ya rinƙa tsalle inda bai kamata ba, kuskuren da Muttaka ya daina yi tun yana yaro. Ashe ba tsohon hannu ne ya dawo ba. Yaron ya zo da magana a bakinsa, ya kasa faɗa, sai ya zauna yana ba shi ci don ya sanyaya masa rai kafin a tashe shi a gaban mutane. Shi kuwa ya bi tasha yana fankama. Tashin da aka yi masa a tabarma ya yi ciwo, amma wannan ya fi ci masa rai, don a wannan bencin bai taɓa yi wa Muttaka ƙarya ba, ko lokacin da yaron ke kuka.

Aka yi biki aka gama. Magaji bai hana komai ba. Juma'a ta zagayo, aka sauko masallaci, sai ga Muttaka ya yi sallama ya tsuguna a bakin zaure.

“Baba, ka yi mani gafara. Tsoro na ji. Sun ce in babu dangin uba…”

“Da ka hwaɗa mani,” in ji Magaji, “aradu ni da kaina zan kamo hannun Lauwali in zaunar da shi. Za ni jin zahi, amma in yi, don kai. Sai ka zamna nan kana ba ni ci, kamar mai lallashin yaro da alewa. Ni, Muttaka? Mi na koya maka nan wurin?”

Hawayen Muttaka na ɗiga a gwiwarsa.

Magaji ya tashi ya yaye zanen, ya tayar da janareto. “Zamna. Ka yi da gaske. In na ga ka saki hannu, kada ka sake tako zauren ga.”

Muttaka ya zauna, ya share ido da hannun riga, ya kama mariƙi da hannun nan na dama. Ya yi da gaske. Tsoho Mai Gora bai taɓa shi ko sau ɗaya ba. Kafin Magaji ya gama gyara yatsunsa, jininsa ya ƙare tas, na Muttaka kuwa yana nan cike.

“Madalla,” in ji Magaji. “Haka a ka yi ma mutum.”

Ya saki mariƙi ya miƙe. Muttaka ya matsa gefe ya gyara masa wuri, yana jira ya zagayo ta bayan benci kamar yadda suka saba tun yana ƙarami. Magaji bai zagayo ba. Ya ɗaga labulen ƙofar cikin gida ya shige. Muttaka ya zauna shi kaɗai, hannunsa a kan mariƙi, yana kallon labulen har mai ya ƙare a janareto.